Neman Salsalar Gidan Sarauta a Intanet: Tambayoyin Hausawa da Fulanin Sudan da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga 'yan'uwanmu na Maiwurno, Sinnar, Madani, Gadarif, Kasala da Niyala, waɗanda suka tashi suna jin ana cewa a gida "kakanmu ɗan sarki ne", suke kuma son su san tushen maganar.

Daga ina ake farawa, daga sarkin ko daga kaina?

Daga kanka. Mafi yawan masu nema sukan rubuta sunan sarki a waya, su sami jerin 'ya'yansa, su ga wani Abubakar a ciki, su ce ai shi ne Abbakar ɗin da ya haifi kakansu. Nan ake ɓatan kai, domin babu gidan sarauta a ƙasar Hausa da ba a cike yake da masu suna Abubakar da Muhammadu da Usman ba.

Ka sami littafi, ka ba kowane mutum shafinsa. Fara da sunaye huɗun da ke takardunka: naka, na mahaifinka, na kakanka, na mahaifin kakanka. A shafin kowa ka rubuta sunan yanka, laƙabi, sunan mahaifiyarsa, matansa, inda aka haife shi, inda aka binne shi. Gefen kowane bayani ka sa wanda ya faɗa maka ko takardar da ka gani. Abin da kake nema a wannan mataki mutum ɗaya ne: wanda ya taso daga yamma da ƙafarsa. Ka san garin da ya baro, zamanin wane sarki, da ayarin da ya biyo. Idan ba ka kama waɗannan uku ba, duk abin da za ka gani a intanet tarihin wasu ne.

To me ake samu a intanet ɗin?

Ana samun sama, ba a samun tsakiya. Jerin sarakunan Sakkwato, Kano, Katsina, Zazzau, Gwandu da Borno da shekarun mulkinsu suna nan a Wikipedia da shafuka irin su World Statesmen. Tsofaffin littattafan da Turawan mulki suka rubuta kan lardunan Arewa suna Archive.org kyauta. JSTOR yana barin mai rajista ya karanta wasu maƙaloli kowane wata ba tare da biya ba. Amma jeri na waɗanda suka hau gado ne kawai. Sarki mai 'ya'ya masu yawa, biyu ko uku za ka gani a rubuce, waɗanda suka yi sarauta. 'Ya'ya mata da wuya a ambace su, kuma wanda ya yi hijira gabas sau da yawa sunansa yakan faɗi daga lissafi gaba ɗaya. Shi kuwa kake nema.

Yaya zan tambayi tsofaffi har in sami abin dogaro?

Wannan shi ne aikin da ya fi kowane gaggawa, musamman tun da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya warwatsa gidaje, tsofaffi suna can wani gari, akwatin takardu yana wani.

Ka fara da mata. Dattawa maza sukan ba ka salsalar da aka riga aka gyara, wadda ake karantawa a taro. Tsohuwa ita ta san wa ya auri wa, wa aka ba wa riƙo, wa ya sha nonon wa, kuma a bakinta kirarin gida da waƙoƙin daka suke.

Kada ka ce, "Kaka, mu jikokin Sarkin Kano ne, ko?" Za ta ce maka "E mana", ka tashi ba ka ƙaru da kome ba. Ka ce, "Kaka, mahaifinki shi da su wa suka zo ƙasar nan?" "Gwaggo, wa ya raɗa wa Baba suna, kuma sunan wa aka mayar?" "Baffa, da suka taso, ta Abeshe da Jinaina suka biyo? Ina suka fara yada zango?" Tambayar sunan wa aka mayar tana da amfani ƙwarai, domin takwara yakan fito da wani kakan da aka manta.

Za ka haɗu da alkunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko surukinta ko ɗanta na fari ba, sai ta ce "Malam" ko "mai babban suna". Kada ka matsa mata. Ka zo da jika mai wasa da ita ya riƙa jero sunaye, idan ya zo kan na gaskiya za ta sunkuyar da kai ko ta ce "shi ke nan". Ka kuma tambayi irin tsagar fuskar kakan, tana taimakawa wajen gane ko Bagobiri ne ko Bakabe ko Babarbare, ko da yake tsaga ba hujjar sarauta ba ce.

Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙewa. Ka tanadi ma'auni: shigar Rabe Borno 1893, zuwan Turawa Kano da Sakkwato 1903, yaƙin Satiru 1906, yunwar Kakalaba 1914, kashe Ali Dinar 1916, gama madatsar ruwan Sinnar 1925, shigar Italiya Kasala 1940. Ka nemi izini ka ɗauki murya, ka ji kowane dattijo shi kaɗai. Idan ka tara su, ƙaramin zai bi bakin babban.

An ce mu zuri'ar Mai Wurno ne. Me ya sa abin da nake gani yake cin karo da juna?

Domin mutum biyu ne ke amsa sunan Muhammadu Bello Mai Wurno. Na farko Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usman, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, kabarinsa yana Wurno, bai taɓa zuwa Sudan ba. Na biyu shi ne ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ja ragowar masu hijira bayan yaƙin Burmi da Turawa, ya sauka bakin Nil Azrak kusa da garin Shehu Talha wajajen 1906, garin Maiwurno ya ɗauki sunansa. Wannan ba daga gidan Bello ya fito ba, daga gidan ƙanensa Atiku ne: Mai Wurno ɗan Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ɗan Shehu.

Attahiru ma biyu ne. Na ɗaya, ɗan Ahmadu, shi ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Na biyu ɗan Aliyu Babba ne ɗan Bello, Turawa suka naɗa shi bayan sun ci Sakkwato, ya zauna kan gado har 1915. Haka Aliyu Babba: akwai Sarkin Musulmi na 1842 zuwa 1859, akwai Sarkin Kano Alu da aka kai Lakwaja. Duk shajarar da ta rubuta suna ba tare da sunan uba da shekarun mulki ba, ka ajiye ta gefe tukuna.

Kakana yana cikin hijirar Attahiru. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba. Cikin waɗanda suka bi Attahiru akwai sarakuna, kamar Sarkin Misau Ahmadu, akwai manyan malamai kamar Alfa Hashim da ya ƙarasa Madina. Amma mafi yawansu talakawa ne, manoma, almajirai, masu sana'a, barori da bayi. Da aka zauna, wanda ya girma a gidan babban mutum sai a riƙa kiransa "ɗan gidan wane", bayan ƙarni ɗaya kalmar "gidan" ta faɗi. Wanda baffansa ko malaminsa ya riƙe shi ma haka. A ganinmu wanda ya gano kakansa ya bar gida da gona ya bi wannan tafiya a ƙafa, ya gano abin riƙewa, ko da bai sami sarki a ƙarshenta ba.

Akasin haka ma yana faruwa: wasu gidaje suna ɓoye kakarsu don ƙwarƙwara ce. A shari'a ɗan ƙwarƙwara ɗa ne cikakke, yana gado, kuma sarakuna da dama haka aka haife su. Ka rubuta ta da sunanta.

Kakana Shamaki ne, wani kuma Galadima. Sarauta ba jini ba ce?

Ya danganta da sarautar da kuma garin. A Kano ta zamanin Fulani, Ciroma, Wambai, Galadima da Turaki yawanci na 'ya'yan sarki ne. Madaki na Yolawa ne, Makama na Joɓawa, Sarkin Bai na Dambazawa: manyan gidaje masu zaɓen sarki, amma ba gidan Dabo mai sarautar Kano ba. Shamaki, Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayin sarki ne, masu ƙarfin faɗa a ji a fada. A Sakkwato wazirci na Giɗaɗawa ne, zuri'ar Giɗaɗo ɗan Laima, waɗanda da yawansu suke haɗuwa da Shehu ta wajen Nana Asma'u. Galadiman wani gari yana iya zama dabam da na Kano, saboda haka ka bincika tsarin garin kakanka shi kansa.

Sai kuma sarautar da aka samu a nan: shehun hilla, omda, Sarkin Hausawa na zango. Waɗannan jama'a ko hukuma suka ba su a Sudan, ba sa nuna kome game da gidan da mutum ya fito a Najeriya.

Ana ce masa ɗan Sarkin Katsina, amma ban ga sunan uban a jeri ba.

Ka fara tambaya: wace Katsinar? Jihadi ya raba sarautu da yawa gida biyu. Sarakunan Haɓe na Katsina sun koma Maraɗi suna ci gaba da amsa Sarkin Katsina, na Zazzau suka kafa Abuja, wadda yanzu ita ce Suleja, na Gobir suka zauna Tsibiri, na Kabi suka zauna Argungu. A birnin Katsina kanta Dallazawa ne suka yi sarauta har 1906, sannan Dikko, Basulluɓe, ya hau. Zazzau gidaje huɗu ke karɓa-karɓa: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Bayan wannan, "sarki" a bakin tsofaffi yakan nufi hakimi ko dagaci, kuma ba za ka ga waɗannan a jerin intanet ba, sai a fayilolin gundumomi.

Da wane rubutu zan nemi suna?

Da uku: boko, Larabci da rubutun Turawan mulki. Garba, Buba, Bukar da Abbakar duk Abubakar ne. Mamman Muhammadu ne, Audu Abdullahi ko wani Abdul, Iro Ibrahim, Shehu kuma sau da yawa Usman. Dikko da Sambo sunayen jerin haihuwa ne na Fulani, akwai sunan yanka a ƙarƙashinsu. Sarakuna sukan sami laƙabi bayan rasuwa, kamar Maje Karofi da Maje Ringim a Kano. Garin Maiwurno za ka gan shi Maiurno ko Mai Wurno a takardun Ingilishi, مايرنو a Larabci. A fayilolin Sudan ka nemi Fellata, Fallata, Takarir da Westerners, domin da su ake kiran mutanenmu, ba a cika rubuta Hausa ba.

Mun sami tsohuwar takardar nasaba a gafaka. Yaya ake karanta ta?

Da farko kada a manna mata salatif, kada a rufe ta da roba mai zafi. A shimfiɗa ta a inuwa mai haske, a ɗauki hotonta gaba da baya ba da walƙiyar waya ba, har da gefuna da hatimi idan akwai. Idan za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, in ba haka ba hoton zai dushe, ɗigo ya ɓace.

Ɗigon kuwa shi ne kome. Rubutun malamanmu na yamma irin na Magrib ne: fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama. Wanda ya yi karatu a makarantun Sudan zai ga ƙaf ya karanta fa, suna ya sauya. Shekara ma sau da yawa da ramzi ake rubuta ta, wato haruffa a madadin lambobi, kuma lissafin haruffan Magrib ya bambanta da na gabas. A na Magrib shin 1000 ce, a na gabas 300. Kalmar شرلب a lissafin malaman Sakkwato 1232 ce, shekarar rasuwar Shehu, amma mai lissafin gabas zai fitar da 532.

Don mayar da Hijiriyya Miladiyya, ka ninka da 0.97 ka ƙara 622. Za ka iya kuskure da shekara ɗaya, domin shekarun ba sa farawa tare: faɗuwar Sakkwato a Maris 1903 ta zo a 1320, yaƙin Burmi a Yulin shekarar ya zo a 1321. Ka duba ƙarshen takardar, inda mai kwafi yakan sa sunansa. Shekarar kwafi dabam, shekarar asali dabam.

Akwai hanyar gane salsala mai giɓi?

Akwai, lissafi ne. Tsakanin uba da ɗa a ɗauki shekara 30 zuwa 35 a matsakaici. An haifi Shehu a 1754. Wanda aka haifa a 1985 yana da tazarar shekara 231, wato haihuwa shida zuwa takwas. Sarakuna sukan haihu da tsufa, saboda haka biyar ma tana yiwuwa. Idan uku ka gani, an tsallake mutane. Idan goma sha biyu ne, to an jera wa da ƙane a matsayin uba da ɗa, kuskuren da ke faruwa idan aka ɗauki jerin waɗanda suka gaji juna aka mai da shi salsala. Bello da Atiku sun gaji juna, amma uba ɗaya suke.

Takardun hukuma na Sudan fa?

Ka tattara su duka: fayil ɗin jinsiyya, ƙasimar aure, i'ilamin gado na kotun shari'a, takardun hawasha ga mutanen Jazira, da tsohuwar takardar tafiya hajji idan ta tsira. I'ilamin gado ya fi sauran daraja, domin yana jero mata da 'ya'ya duka a gaban shaidu.

Fayil ɗin jinsiyya a karanta shi da lura. Dokar 1957 ta nemi kakannin mutum na wajen uba su kasance mazauna Sudan tun 31 ga Disamba 1897, alhali yawancin mutanenmu bayan nan suka zo. Saboda haka wani ya ja shekarar zuwansa baya, wani ya jingina da sunan wanda ya riga shi zama. Ba ma ganin laifinsu, neman wurin zama suke yi, amma mai bincike ya san da haka. Ranar haihuwa 1 ga Janairu kuwa alamar tasnin ce, ƙiyasin likita.

Waɗanne ɗakunan ajiya ne suka fi amfani, kuma ana iya aiki da su daga nesa?

Ɗakin ajiyar tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana riƙe da fayilolin larduna da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi, inda jami'ai sukan zana salsalar hakimai. Arewa House ma a Kaduna take. A Sakkwato akwai hukumar tarihi da al'adu mai sunan Waziri Junaidu. A nan gida, kafin yaƙin 2023, Darul Wasa'iƙ ta Kartum ce ke da fayilolin leƙen asiri da na lardin Nil Azrak. Jami'ar Durham a Ingila tana da babbar ajiya kan Sudan, ta kuma sa kundin bayaninta da wasu rahotannin zamanin Turawa a intanet. Shirin ceto takardu na British Library ya sa hotunan rubuce-rubucen Arewacin Najeriya kyauta.

Ga gidan Shehu, littafin Murray Last kan Daular Sakkwato na 1967 da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu su ne matakin farko. Ga Maiwurno akwai binciken Mark Duffield na 1981.

Idan za ka sa ɗalibi ya duba maka a Kaduna, kada ka ce "nemo mini tarihin gidanmu". Ka ba shi gunduma, sunan hakimi da tsakanin shekaru, ka ce ya ɗauko hoton bangon fayil mai lamba tare da shafukan. Ka tuna kuma jami'in Bature abin da mai riƙe da sarauta ya faɗa masa ya rubuta, reshen da ya yi hijira ba shi da mai magana a wurin.

Zan iya kai salsalata har Bayajidda ko Uƙba ɗan Nafi'u?

Za ka iya rubuta cewa haka gidanku ke faɗa, ka sa shi a babi dabam. Tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908 tsawon mulki yake bayarwa, shekarar 999 ta Bagauda, sarkin Kano na farko, lissafin baya ne aka yi. Toronkawa suna kai nasabarsu ga Musa Jakollo da ya taso daga Futa Toro, kuma malaman gidan sun rubuta wannan. Daga shi zuwa Uƙba, wanda ya rasu a 683, ruwaya ce da ba ta da takardun zamaninta.

Gwajin DNA zai raba gardama?

Kaɗan yake iyawa. Gwajin Y yana bin layin uba zalla, kuma ba shi da amfani sai an gwada da wani namiji da nasabarsa ta tabbata a wancan gida. Ko ya dace, ba zai bambanta zuri'ar sarki da ta ɗan baffansa cikin sauƙi ba. Gwajin gama-gari kuwa rabi yake raguwa kowace haihuwa, a ta bakwai abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, wani lokaci babu kome. A shari'a da aure da iƙirari da shaidu da shahara nasaba ke tabbata. Gwaji yana iya tono abin da zai raba zumunci, saboda haka a yi shawara da manya kafin a tofa yawu a kwalba.

Na ga shajara cikakkiya a Geni da Facebook. In kwafa?

Ka ɗauke ta a matsayin jita-jita mai bukatar bincike. Geni, Ancestry, MyHeritage da FamilySearch kowa na iya sa abin da ya ga dama, kuma shafuka goma masu magana ɗaya galibi daga mutum ɗaya suka kwafa. Ka tambayi wanda ya sa ta inda ya samo. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fi haɗari, domin idan suka rasa suna sai su ƙaga wanda ya yi kama da gaskiya. Mai cewa ka turo kuɗi ya ba ka takardar shaidar jinin sarauta, ka rabu da shi.

Ina zan ajiye abin da na tara, kuma me zan wallafa?

Gramps manhaja ce ta kyauta da ke aiki a kwamfuta ba tare da intanet ba, tana fitar da fayil na GEDCOM wanda sauran manhajoji ke karantawa. Ka yi kwafi uku: a waya ko kwamfuta, a ma'ajiyar intanet, da bugu a takarda wurin ɗan'uwa a wani gari. Kowace mahaɗa tsakanin uba da ɗa ka yi mata alama: tabbatacciya da takarda, ruwayar mutum biyu da ba su haɗa baki ba, ko zato.

Kada ka sa sunayen rayayyu, lambar ƙasa ko hoton jinsiyyar kowa. Bayan rikicin Nil Azrak na 2022 kowa ya ga yadda maganar asali da sarauta da ƙasa ke iya zama makami. Maganar bauta ko riƙo a gidan wasu, sai da yardarsu.

Yaushe zan tuntuɓi fada a Najeriya, kuma yaya?

Bayan ka kama sunan wanda ya taso, garinsa da zamaninsa. Ka rubuta shafi ɗaya da Hausa ko Larabci, ta hannun sakataren fada ko hakimin garin. Ka buɗe da gaisuwar da ta dace, "Allah ya ja zamanin Sarki" ko "Ranka ya daɗe", ka faɗi ko kai wane ne da inda kuke zaune, ka jero salsalar daga kanka zuwa sama, ka nuna inda ta tabbata da inda take ruwaya. Tambayarka ta zama ɗaya: shin a gidan ana tuna wani mai wannan suna da ya tafi gabas bai dawo ba? Kada ka haɗa da roƙon sarauta ko taimako, yin haka yakan rufe ƙofa.

Amsa takan yi jinkiri, kuma sau da yawa za a tura ka wurin wani dattijo ko wata gwaggo a gidan, ko wurin maroƙan fada da ke riƙe da kirarin kowane reshe. Kafin ka karanta musu abin da ke hannunka, ka bari su fara faɗin nasu, ka ɗauki murya, sannan ka gwada sunan uwa da laƙabi da garin da suka ambata da abin da tsofaffinku na nan suka faɗa.